Inuwar Ɗan Fari

Habibullah ɗan fari ne, saboda haka tun da aka yanka masa rago a Ɗanzomo mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa yarda an gan ta tana dubansa ba. Kakarsa ce ta goya shi. A bakin Inna, mahaifiyar tasa, sunansa "wancan", ranar da ya yi abin kirki kuwa ya zama "mutumin nan".

Ya tafi jami'a ya karanta ilimin halayyar ɗan'adam. Can aka koya masa sauraro da lura, da yadda ake kame baki har mai magana ya gaji ya faɗi gaskiya. Aka kuma koya masa cewa da kallon juna uwa da ɗa suke fara shaƙuwa. Ya rubuta haka a jarrabawa, ya ci.

Yanzu yana aiki a Gumel, wurin sasanta ma'aurata. Sukan zo su ce lafiya lau, shi kuma ya jira. Yana duban hannu, yana duban ƙafa, yana gane fushi daga yadda aka gyara mayafi. In ofis ya yi shiru, fanka na juyawa, sai hankalinsa ya tafi gida, ya ga Inna ta ɗago kai ta dube shi. Iyakar mafarkin ke nan, bai taɓa ƙara masa komai ba.

Da yanar ido ta fara kama Inna, ya san in bai samu kallon nan yanzu ba, shi ke nan. Kowace Asabar da hantsi ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa katanga.

"Yaya, yau ma binciken aka zo?" in ji ƙanwarsa Tayyiba. "Mu kanmu lafiya lau, tsaraba ce ke damunmu."

Wata Asabar mota ta lalace, bai iso ba sai la'asar. Yana tsaye bakin rumbu, sai ya bar fuskar Inna ya dubi hannunta, kamar yadda yake yi a ofis. Inuwarsa ta miƙe ta ratsa tsakar gida har gefen tabarmarta. Kaza ta zo za ta taka inuwar, Inna ta kore ta da mafici. Ya gusa kaɗan. Kanta ya bi inuwar a hankali.

"Tayyiba," in ji Inna, "ki gaya wa wancan wuyansa ya rame. Ko a Gumel ba a tuwo ne?"

"Inna, ashe kin dube shi?"

"Ke, rufa mini baki. Wa ya dube shi?"

Tun ranar ya bar zuwa da hantsi. Sai rana ta karkata yake isowa, ya tsaya bakin rumbu yana jan Tayyiba da hira marar kan gado. Idon Inna na raguwa, shi kuma yana matsowa kaɗan-kaɗan, don inuwar ta riƙa hawa kan tabarmar.