Mai Rawanin Cikin Tele

Shekarar da yayana ya sayo tele da panno mai ɗaukar hasken rana ya kafa a gidanmu na Tarka, ni ce tafinta. Ina makarantar lise a Zinder lokacin, na zo hutu, kuma duk gidan ni kaɗai ake ganin na iya Faransanci. Bayan la'asar ƴaƴan yayana da na maƙwabta sukan cika tabarma, a sa musu fim ɗin zane, ni kuma in riƙa juya musu maganar da Hausa.

Akwai wanda suka fi so. Yaron fim ɗin fari ne tas, ba gemu ba rawani. Mugun kuwa dogo ne siriri mai dogon hanci, ya naɗa baƙin rawani ya rufe baki, kullum yana bisa raƙumi. Nakan yi masa murya mai kauri, har in ƙara masa muguntar da bai yi ba don yara su ji daɗi. Ban ga wani aibu a ciki ba.

Babanmu yana da aboki, wani dattijon Buzu da ke saukowa daga arewa ranar kasuwa. A zaurenmu yake sauka, ya kawo mana cuku, ya koma da hatsi. Tun ina ƙarama Baba nake ce masa. Wata rana ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, sai ƙaramar ƴar yayana, mai shekara biyar, ta leƙa ta gan shi. Ta dawo da gudu ta laɓe a bayan rumbu.

"Gwaggo, mugun ya zo gidanmu," in ji ta.

Baba ya miƙa wa yaran cuku kamar yadda ya saba, ba wanda ya matsa. Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce kunya ce ta kama su, alhali ni ce kunyar ta kama.

Da la'asar na sake sa musu fim ɗin. Baba yana gefe yana fifita gawayin shayinsa. Na juya labarin kaf. Na ce mai rawanin bawan Allah ne, yaron nan mai sulɓin fuska shi ne ɓarawon da ya fasa masa rumbu.

Babban ɗan yayana ya ce, "Gwaggo, ai jiya ba haka kika ce ba."

Na ce, "Jiya batir ya yi sanyi, ban ji maganar da kyau ba."

Hoton ne ya yi ta ba ni wahala. Mai rawani ya zare ido ya ɗaga wuta sama, na ce tuwo zai dafa wa mutanen gari. A ƙarshe ya faɗa wani rami mai zurfi, kowa na tsalle. Na ce rijiya ya shiga don ya yashe musu ita, shi ya sa suke murna. Yaran suka yi ta kallon tele suna kallona.

Da suka tashi, Baba ya miƙo mini kofin shayi. Sai na ji ya yi mini magana da Faransanci tsaf, wanda ya fi nawa nesa. Ashe ya yi shekaru yana tuƙa wa Turawa mota a arewa kafin ya koma ga dabbobinsa, ni ban taɓa tambaya ba.

Ya koma Hausa ya ce, "Ƴata, mutumin nan cewa ya yi zai ƙone garin. A wace lakwal aka koya miki tuwo ne?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Kafaɗunsa suna ta girgiza, na gane dariya yake yi a cikin rawani.

Ya ce, "Bar masa muguntarsa, ko'ina akwai mugu. Amma wanda ya zana shi bai taɓa zama da mu ba. Dubi naɗin nan, kamar ƙunshin wanki. Wanda ya hau raƙumi haka kuwa, ba zai kai bakin kasuwa ba sai ya sha ƙasa."

Ya zaro wani rawani daga jakarsa, ya kira babban yaron ya naɗa masa, yana nuna masa inda ake soke bakin. Sauran suka taru, kowa na cewa shi ma a naɗa masa. Ƙaramar ce ta zo ƙarshe, tana riƙe da zanena. Ta daɗe tana duban hancinsa, sannan ta ce, "Baba, yaya aka yi ka fito daga rijiyar?"

Ya dube ni, ya dube ta, ya ce raƙuminsa ne ya jawo shi da igiya, kuma har yanzu ƙugunsa na ciwo.