Ramar Kaka da Mutumin Hawa na Biyu

Ni dai har yau ban huce ba. Kaka ta ce ta yafe, Baba ya ce a bar maganar, amma idan na haɗu da mutumin hawa na biyu a matakala, gaisuwar da nake masa ba ta kai tsawon atishawa ba.

Gidanmu yana unguwar Ka'akiyya a Makka, a hawa na uku, daga mu sai rufin bene. A can sama, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya, kakata ta wajen uba take da gonarta, wato bokitan fenti guda tara. Wata 'yar'uwarta ce ta ƙullo mata irin rama a bakin mayafi daga Gusau, da ta zo aikin Hajji. Bai cika cokali biyu ba, amma Kaka ta karɓe shi da hannu biyu kamar zinariya. Ruwan da mukayyif ɗinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake ɗigarwa shi muke tarawa a jarka, ni kuma in hau da shi safe da yamma. Wata uku ina wannan hawa da sauka, har ƙwaurina ya zama na ɗan ƙwallo.

Da ramar ta yi, muka yanke rabi. Na ɗauka za a baza ta a rana ne a huta, sai Kaka ta harare ni.

"Ranar Makka ba ta busarwa, toyawa take yi. So kike mu ci toka?"

Ƙananan dammuna muka ɗaure da zare, muka rataye su kai ƙasa a ɗan ɗakin injin ruwa, inda babu rana amma iska tana ratsawa. Kullum sai Kaka ta hau da sandarta ta karya kara ɗaya kusa da kunnenta. In ya lanƙwashe, ta ce da saura. Ranar da ya ce ƙas, muka tsinke ganyen muka cika kwalaben zuma guda shida da muka wanke. Nan ma ba a gama ba. Kowace safiya sai an buɗe murfin, an girgiza, an shinshina, an mayar, don kada raɓar da ta ɓuya a ciki ta kawo fumfuna. Ko jariri ban ga an yi wa wannan hidima ba.

Wata Asabar da hantsi ina cikin girgiza kwalaben, sai ga maƙwabcinmu na hawa na biyu ya hau duba tankinsa. Mutum ne mai farar jallabiya da ba ta taɓa sanin ƙura ba, yana aiki a wani ofis a Aziziyya. Kakanninsa Katsinawa ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa kalma ɗaya ce cikin Larabci uku. Ya leƙa ɗakin injin, ya ga sauran dammuna a rataye. Ya dubi bokitai, ya ga ganye mai yatsu biyar da baki kamar zarto. Ya dube ni da kwalba a hanci.

"Esh hada, ya binti? Wannan mene?"

To, a nan ne na yi nawa laifin, kuma ɗan ƙarami ne. Na sassauta murya, na waiga hagu da dama.

"Kayan Kaka ne, ya ammu. A bakin mayafi aka shigo da irin. Duk wanda ya ci ya ƙoshi, sai barci har la'asar."

Ina ƙarya a ciki? Wa ya taɓa cin kwaɗon rama ya ƙoshi bai yi barci ba? Amma bawan Allah ya zaro waya ya yi ta ɗaukar hoto, yana kallon allo yana kallon ganye, sannan ya sauka da gudu har ya manta da tankin.

Bayan azahar Baba ya dawo daga masallaci fuskarsa kamar an shafa mata toka, da baƙar ledar shara a hannu. Wai mutumin ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce a samanmu ana busar da hashish, wato wiwi. Kakata, mai shekara saba'in da wani abu, wadda ko shayi ya yi ƙarfi sai ta ce yana juya mata kai! Ya ce in ba a kwashe komai kafin magariba ba, zai kira 'yan sanda.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Baba. "Na san rama ce. Amma wanda zai zo da mota mai jiniya bai san rama ba. Kafin a gane, an kwana da mu a can."

Ya nufi matakalar sama, Kaka ta gitta sandarta a bakin ƙofa.

"Ajiye ledar nan, tun ban saka ka a ciki ba." Ta juyo gare ni. "Ke, sauka ki ce masa ƙawar uwarsa tana kira. In ya ce yana barci, ki buga ƙofar har ta cire."

Na buga da dukan zuciyata.

Muka haɗu a sama mu huɗu, rana tana dukan ƙeyarmu. Kaka ta tsinko ɗanyen ganye ta miƙa masa.

"Tauna."

"La, ya khala, haram! Astagfirullah!"

"Ni za ka yi wa astagfirullah? Tun kafin a yanke maka cibi nake ɗawafi." Ta jefa ganyen a bakinta ta tauna tana kallonsa cikin ido. Ta ba Baba, ya tauna. Ta ba ni, na tauna uku don neman suna, na kuma lumshe ido na ɗan yi tangaɗi, har sai da Baba ya dungure ni.

Mutumin ya karɓi ganyen da yatsu biyu kamar kunama. Ya gutsuri gefe. Tsamin ya kama shi, ido ɗaya ya rufe, baki ya koma wajen kunne. Sai kuma ya tsaya. Ya ƙara gutsura, wannan karon babba.

"Wannan... ummi tana yin shi. Da gyaɗa."

"Da ƙuli-ƙuli, sakarai," in ji Kaka. "A jan kwano, a unguwar Tandabawi, kafin ku tashi. Ni nake daka mata ƙulin, kai kana tsaye ba wando kana kuka a ƙara maka. Yau ka yi jallabiya ka yi waya, ka ga abincin uwarka ka ce a kira 'yan sanda. Allah Ya jiƙanta, gara da ba ta ga wannan rana ba."

Ya sunkuyar da kai, ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya a gabanta. Na tsaya ina jiran ya durƙusa ya nemi gafara da hawaye. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "Ma'alesh, ya khala." Wato dai ɗan "ba komai" na Larabawa. Shi ke nan! Ya kusa jefa wata ukuna a kwandon shara, ya kusa sa a ɗauki kakata a mota, wai ma'alesh. Bai tsaya nan ba ma, sai da ya nuna ni da baki ya maimaita abin da na faɗa masa da safe, har da yadda na waiga hagu da dama. Kaka ta kama kunnena ta murɗa shi yadda ake buɗe murfin kwalba. Kwana biyu ina jin kiran salla da kunne ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne bayan la'asar. Kaka ta dafa ramar, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da barkono, ta cika kwano. Ta ɗauko kwalba guda cikin shidan nan, wadda ta fi cika, ta ɗora a kai.

"Kai masa."

"Kaka! Wanda ya ce ke dillaliyar wiwi ce?"

"Marayan rama ne. Kai masa, kuma ki yi sallama."

Na kai. Sallamar dai Allah ne kaɗai Ya ji ta.

Bayan mako biyu ya dawo da kwalbar a wanke tas, yana tambaya cikin Hausarsa mai ɗingishi yaushe za a sake yanka. Kafin Kaka ta buɗe baki na ɗauko jarkar na dangwara masa a gaban takalmi, na ce gonar tana shan ruwa sau biyu a rana, kuma mukayyif ɗinsa ya fi namu ɗiga. Kaka ba ta murɗe mini kunne ba.

Yanzu shi yake hawa da na safe, yana tattare jallabiya yana haki. Na yamma har yanzu nawa ne, kuma har yanzu bai ce mini in yi haƙuri ba.