Layin Ƙaya

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifiyata, mai shagon buga takardu a unguwar Mahdiya. Ni ɗalibi ne a nan Sabha, a ƙasar Larabawa, ba na son yawan magana, amma abin da aka yi wa aikinsa ya sa na kasa yin shiru.

Duk Bahaushen da ya rasu a garin nan ba dangi kusa, Kawu yakan bi gawarsa maƙabarta, ya dawo ya rubuta sunansa da garinsu da inda aka sa shi. Kaburburan baƙi ba su da alama, rubutun nan ne kaɗai shaida. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, sai ya samo wani zubin haruffa da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ya sa mata. Na sha ganinsa ya yage takarda don ƙugiya ɗaya ta faɗi.

Da ya rasu, shagon ya koma hannun abokin cinikinsa, Malam Hashimu. Ya sayo sabuwar kwamfuta mai sabon tsari, ya kwashe rubutun ya zuba a ciki. Sabuwar ba ta gane zubin Kawu ba. Duk inda akwai ƙugiya sai ɗan akwati fanko ya fito. A ido akwatunan iri ɗaya ne, amma a ƙarƙashi kowanne yana riƙe da harafinsa, kuma da an sa tsohon zubin da komai ya dawo. Malam Hashimu bai tambayi kowa ba. Ya bi akwatunan yana cusa b ko d ko k yadda ya ga dama, ya adana a kan na asali, ya goge tsohuwar kwamfutar ya sayar. Da na yi masa magana, cewa ya yi, "Kai ɗan boko, ai ana ganewa."

Ana ganewa. Watan jiya wani lebura mai suna Issufu ya zo daga wani ƙauye kusa da Damagaram yana neman kabarin wansa. Malam Hashimu ya buga masa takarda: "layin daya, na bakwai." Issufu ya yi Juma'a uku yana zuwa layin farko, yana durƙusawa gaban kabari na bakwai, har ya kewaye shi da duwatsu.

Takardar ta zo hannuna ne don yana so in kwafe masa ita da harafin Larabci. Ina karantawa na gane akwai kuskure. Kawu ba ya rubuta "layin ɗaya". Wannan Hausar kasuwa ce, shi "layi na ɗaya" zai ce. A can ƙarshen maƙabartar akwai wata bishiyar ƙaya, kuma jerin da ke gindinta shi yake kira layin ƙaya.

Da Kawu zai ga yau, ba na jin kwamfutar za ta dame shi. Na'ura ta nuna akwati, ta ce ba ta sani ba, ta fi mu gaskiya. Mutum ne ya cike gurbin da zato don ya huta. Wannan ne ke tayar mini da zuciya, da kuma yadda muke rubuta harshenmu a waya ba ƙugiya ko ɗaya, muna cewa ba komai.

Kwana biyu ina jin nauyin gaya wa Issufu. Ranar da na faɗa masa, sai ya tambaye ni:

"To wa nake ta yi wa addu'a, ɗan'uwa?"

Na ce ban sani ba, shi ma baƙo ne.

Muka tafi maƙabartar tare. An sare bishiyar, sai kututture. Muka ƙirga bakwai daga nan. Abin da ya rage na Kawu ke nan: na san yadda yake gina jimla, kuma da wannan nake bin kwafin rubutun da na karɓo a shagon shafi shafi, ina mayar da abin da zan iya. Wasu wuraren ba zan taɓa ganewa ba.

Issufu bai kwashe duwatsun farko ba. Ya ce a bar wa mutumin, sannan ya je ya nemo wa kabarin wansa wasu.