Ganyen da Merle Take Mayarwa

A garinmu da ke saman kwarin Huon ba mai kiran Des Pybus da sunansa, Kyaftin ake ce masa. Shekara arba'in ya yi yana jagorantar 'yan kwana-kwana na sa-kai. Yana saurayi gobarar shekarar sittin da bakwai ta cinye rabin garin a kan idonsa, tun daga nan bai iya ganin busasshen ganye kusa da gida ya wuce. Kowace Asabar zai fito da manjagara ya share tsakar gida tas, ya kwashe dattin indararo, sannan ya leƙo ta shinge ya ce da ni, "Makwabci, wancan tulin ganyen naka fa ashana yake jira."

Matarsa Merle tana da wani ɗan fili a kudancin gidan, inda rana ba ta cika sauka ba, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar tuffa. Nan ta shuka furen lili, irin gajeren nan mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa. Idan sanyi ya wuce, a watan Oktoba, sai ya rufe wurin ruf, ya fito da fararen furanni kamar 'yan ƙararrawa, ƙamshinsu har bakin titi. Saiwarsa daga gidan mahaifiyarta take. Bayan gobarar, shi kaɗai ya sake tsirowa a cikin tokar gidan, Merle ta tono shi da cokali ta zo da shi gidan aure.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta ya shanye, maganarta ta ɗauke. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Kyaftin yana zuwa kullum, ya zauna ya yi ta ba ta labarin ruwan sama da na kare, ita kuwa idonta a kan taga. Da Oktoba ta zo ya tsinko lili cikin tafin hannu ya kai mata. Ya ba ni labari cewa ta ɗauka da hannunta mai lafiya, ta kai hanci, ta daɗe, sannan ta dube shi ta ce, "Des." Kalmar da ya ji daga bakinta ke nan a wata bakwai.

Daga ranar ya ƙudura zai kula da filin nan fiye da yadda ta kula da shi. Ya kuwa kula da shi yadda ya san kula. Ya share kowane ganye har ƙasa ta fito fili. Ya ɗauko zarto ya sare rassan tuffar da suka sauko ƙasa, don ya sha faɗa wa mutane cewa irinsu ne tsanin da wuta take hawa. Janairun shekarar, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara, aka yi zafin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Rana ta shigo ta inda rassan suke a da, ta zauna a kan busasshiyar ƙasa.

Oktoba ta dawo, filin ya fito da ganye jefi-jefi, babu fure ko ɗaya.

Ina tsaye a shinge yana nuna mini, sai ga Glenys Direen, ƙawar Merle tun suna makaranta, ta kawo masa miya a kwano. Ta dubi filin, ta ajiye kwanon a kan dakali.

"Kai tsohon nan, me ka yi wa wurin nan? Aski?"

"Gyara na yi, Glenys. Kamar kullum."

"Kamar kullum! To ina ganyen?"

"Wane ganye? Shekara hamsin ina share shi, bai taɓa hana shi fure ba."

Glenys ta yi wata 'yar dariya, sai kuma ta sa bayan hannu ta goge ido. "Kai kana sharewa ran Asabar. Ran Talata idan ka tafi atisayenku, ita kuma ta tura baro ta kwaso shi ta mayar, ta yayyafa ƙasa a kai don kada ka gane. Ni nake tsaya mata a ƙofa ina duba motarka. Ganyen nan shi ne bargonsa, shi ne abincinsa. Kyaftin guda, shekara hamsin mace na yi maka wayo da baro!"

Ya ɗaga kai yana kallon kututturan rassan da ya sare.

"Zai dawo?" ya tambaya can.

"Idan saiwar ba ta mutu ba. Shekara biyu, ko uku."

Mu duka mun san likita ya ce da wuya Merle ta kai lokacin.

Ya yi duk abin da ake iya yi. Ya kafa sanduna ya shimfiɗa tsofaffin buhuna don inuwa. Ya zo har gidana da baro ya roƙi tulin ganyen da ya yi shekaru yana mini faɗa a kansa. Glenys ta ce wata mata a garin Cygnet tana da irinsa, a karɓo masa furen. Ya girgiza kai. "Za ta gane ba na uwarta ba ne." Glenys ta ce hanci ba ya bambancewa, ya ce na Merle yana yi.

Ranar da ya je wajen Merle hannu wofi, ya ba ni labari cewa ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu. Ya zauna ya faɗa mata komai, da manjagarar, da zarton, da baron da Glenys ta tona. Bai san ko ta fahimta ba. Ta miƙo hannu ta cire wani guntun busasshen ganye da ya maƙale a rigarsa, ta riƙe, ta mayar da idonta taga.

Bana ganye ya taru har gindin bangon gidansa, tsoffin abokan aikinsa suna wucewa suna tsokanarsa. Jiya da safe na tarar da shi a durƙushe yana buɗa ganyen da yatsa. Tsiro goma sha ɗaya ya samu.

"Akwai mai alamar fure?" na ce.

"Babu tukuna," ya ce. Ya mayar da ganyen a hankali ya rufe su, ya dafa shinge ya miƙe, don lokacin zuwa wajen Merle ya yi.