Baba da Ƙarar Gwaggo

Mahaifina bai taɓa kai motarsa gareji ba, kuma idan kana son ka ga ransa ya ɓaci, ka ba shi shawarar ya kai. 'Yar ƙaramar mota ce mai shan dizal, fara a da, wadda ya saya lokacin da ya bar aikin tuƙi a kamfanin rarraba magunguna. Mu yaran gidan muka raɗa mata Gwaggo, saboda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Sai ya murɗa makulli rabi, ya jira hita ta ɗumama injin, sannan ya ba ta wuta. Ta yi tari, ta yi kakkarwa, ta turnuƙe layinmu da baƙin hayaƙi, mai shagon da ke kallon gidanmu ya fito yana fifita da kwali yana tambayar ko Gwaggo ta kwana lafiya.

Da kunne Baba yake gyara. Zai ɗaga bonet, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya kanga mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce nozul ɗin can na ƙarshe mai fesa wa injin mai ya fara toshewa, ko iska ta shiga layin mai. Har fitilar nan ja da ke nuna baƙin mai ya yi ƙasa ta mutu tun ina makaranta, ya ƙi sa wata. Wai an yi ta ne don masu tuƙi da ido kawai. Maƙwabta kan kawo masa motocinsu ya saurara, kuma ina jin babu abin da yake jin daɗinsa a duniya kamar a tsaya shiru a bayansa ana jiran abin da zai ce.

Ni ce auta. Bayan aure ya kai ni wani gari, sai na lura idan na kira waya Mama ce ke ɗauka, ta ce yana ƙarƙashin mota. Ashe kunnen ne ya fara tafiya. Rediyonsa ya koma ana jin sa har bakin titi. A gaishe shi ya amsa da abin da ba a tambaye shi ba, sai a yi murmushi a wuce. Shi bai ce ba ya ji ba, na kusa da shi ma ba su ce ba.

Sai Gwaggo ta fara wata ƙara daga ƙasan injin, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Mama ta ji. Mai shago ya ji. Mai facin taya na kan kwana, wanda Baba ne ya koya masa riƙe sifana, shi ma ya ji, ya kuma san abin da take nufi sarai. Amma wa zai tari mutumin da duk layin ke kawo wa mota, ya ce masa motarka na kuka ba ka ji ba? Kowa ya ji nauyinsa, kowa ya bar wa wani. Baba kuwa kullum zai kanga sukudirebansa, ya gyaɗa kai, ya ce lafiyarta ƙalau. Wannan kunyar tasu har yau tana ba ni haushi, duk da na san ƙauna ce ta kawo ta.

Ran nan yana dawowa daga kasuwa injin ya buga a tsakiyar titi. Turo ta aka yi har gida. Da Mama ta gaya mini, washegari na hau mota na zo.

Na same shi a tsakar gida ya shimfiɗa buhu, ya sauke kaskon baƙin mai, ya jera kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba. Na gaishe shi, bai juyo ba sai da na dafa kafaɗarsa. A hannunsa akwai ƙaramin ƙarfen da karanshaf, babban sandan cikin injin, ke juyawa a kai, ya cinye ya yi baƙi, gefensa ya narke. Ya daɗe yana juya shi. Ya sa yatsa a kaskon, ya ɗago, garin ƙarfe na ƙyalli a cikin man.

Ban san komai a kan inji ba, amma na san fuskar mahaifina. Ya san irin wannan ɓarnar ba ta kwana ɗaya ba ce, kuma ba ta zuwa shiru.

Mama na bakin ƙofar kicin. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Tun yaushe take ƙara?"

Mama ta fara cewa ai tsufa ne, kowace mota da ranarta. Ya ce ta matso, ta faɗa da ƙarfi. Ta matso har kusa da kunnensa.

"Tun kafin auren jikarka, Malam."

Auren nan an yi watanni da yin sa. Ya sunkuyar da kai, sannan ya nuna ƙofar gida da haɓa.

"Su ma sun ji?"

"Kowa ya ji."

Na ɗauka zai yi faɗa, na ma so ya yi. Bai yi ba. Ya goge ƙarfen da tsumma, a hankali, ya ajiye shi a layin kayan da ya jera. Ni ce na kasa daurewa, na shige ɗaki na yi kukana.

An samu wani injin na hannu, mai faci ya kawo makanike ya ɗora. Gwaggo na tashi yanzu, yayana ke ja. Baba bai hana ba, bai kuma leƙa ba ranar da ake aikin. Da yamma yakan zauna a benci a ƙofar gida. Kwanaki wani maƙwabci ya tsaya da motarsa, ya ɗaga bonet, ya ce Baba ya ɗan saurara masa, don dai ya faranta masa rai. Baba ya dube shi ya ce ya kai gareji.