Tukwici a Kan Teku

Ban daɗe da fita takaba ba babban ɗana ya bugo waya daga Ingila, inda yake aikin likita, ya ce in shirya zai kai ni yawon buɗe ido a jirgin ruwa. Na ce masa ni da ruwan da na sani bai wuce kogin Ngadda ba, wanda rabin shekara yara ke buga ƙwallo a cikinsa, me zai kai ni teku? Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa. Ya ce zaman gidan ya ishe ni haka.

Gaskiyarsa ce. Gidanmu na unguwar Fezzan a Maiduguri, wanda muka koma bayan maigidana Malam ya yi ritaya muka bar gidan gwamnati na GRA, ya yi mini girma. 'Ya'ya duk sun watse, wannan a Abuja, waccan a Kano, babban a Turai. Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida in kunna rediyon Malam, ba don ina sauraro ba, sai don in ji muryar namiji tana magana a gidan.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa Babarbariya da muke katanga ɗaya, ita ta raka ni Kasuwar Litinin sayen tsaraba. Muna cikin keke, ledar atamfa da kilishi a kan cinyarmu, ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, masu yi miki hidima a jirgin fa? Nawa ake ba su?"

Na ce ban sani ba.

"To yaushe ake ba su? Da shiga, ko da fita?"

Wannan ma ban sani ba. Ta girgiza kai ta ce lokacin da ta je aikin hajji ita ma haka ta yi ta rarraba ido a masauki, har ta dawo ba ta san ko ta yi daidai ba.

Tambayar nan ta tsaya mini a rai fiye da tsoron ruwan. Tukwicin gida na san shi. In an aiko da kwanon abinci ko goron suna, na san abin da zan sa a hannun ɗan aike. Amma na tafiya, na direba da maigadi da mai ɗaukar kaya, wannan tun da aka ɗaura mana aure hannun Malam ne. Kuma ya iya. Zai naɗe takardar kuɗi a tafin hannunsa, ya miƙa kamar gaisuwa kawai, kafin ka ankara ta koma hannun wancan. Ko ni da nake tsaye a gefensa ba na ganin wucewarta, sai dai in ga fuskar mutumin ta saki. Ban taɓa tambayarsa nawa yake bayarwa ba, don ban taɓa zaton ranar da zan buƙaci sani za ta zo ba. Washegari na je wurin 'yan canji na mayar da wani abu daga cikin fanshona kuɗin Turai, na ƙulle a 'yar jaka.

Daga Abuja jirgin sama ya kai ni Turai, na haɗu da ɗana muka nufi tashar jiragen ruwa. Jirgin, da na gan shi a bakin ruwa, sai na ɗauka wani dogon gini ne aka yi a gaɓa. Bene a kan bene, mutanen da ke ciki sun isa unguwa guda. Ɗana da matarsa da 'ya'yansu biyu suna wani hawa, ni kuma aka ba ni ɗakina ni kaɗai a hawan ƙasa da su, da 'yar baranda mai kallon ruwa. Surukata yarinya ce mai ladabi, ba ta rage ni da komai ba. Amma jikokin nan Turancinsu gudu yake yi. Na koyar a firamare har na yi ritaya, ina jin Turanci, sai dai nasu ta hanci yake fita. Ranar farko na kama hannun namijin na ce, "Angona, ina kuɗin cefane?" Ya dubi ubansa a tsorace. Sai da aka yi masa bayanin wasan kaka da jika, ya yi murmushin ladabi, ya zare hannunsa ya koma kan wayarsa.

A wurin cin abinci na tambayi ɗana maganar tukwici.

Ya ce, "Umma, kada ki damu da wannan. Kullum ana cira daga katina na banki, su raba a tsakaninsu."

"Su wa?"

"Ma'aikatan. Masu ɗakuna, masu kawo abinci, har da waɗanda ba ma gani a kicin."

"To wa zai san daga hannun wa ya fito?"

"Ba sai an sani ba. In kina son ki ƙara wa wani, sai ranar ƙarshe ki sa a ambulan. Haka ake yi."

Ban ga laifin tsarin ba, don na kicin ma suna da haƙƙi. Amma a raina na ce wannan albashi ne. Tukwici kuwa sai ido ya ga ido.

Kusan kullum jirgin yakan tsaya a wani gari, su sauka yawo. Na bi su sau ɗaya, gwiwata ta hana ni ƙarawa. Sai ya zama da safe su leƙo su gaishe ni su tafi, ni in zauna a baranda ina kallon ruwa har su dawo da hotuna.

A nan na san matar da ke gyara mini ɗaki. 'Yar Indonesiya ce, gajeriya, za ta yi sa'ar 'yata ta biyu. Ranar farko ta ƙwanƙwasa ta shigo da tawul, ta ga sallayata a shimfiɗe, sai ta tsaya ta yi mini cikakkiyar sallama. Na amsa har da wabarakatuhu. Rabon da in ji sallama daga bakin da ba na gida ba tun da na bar Abuja. Ta dubi sallayar ta ce da Turancinta mai taushi, "Mama, alƙibla ta juya. Jirgi ya karkata da asuba." Ta kunna talabijin ɗin ɗakin, ta nuna mini taswirar da ke nuna inda jirgin ya dosa, ta koya mini yadda zan riƙa gane gabas. Daga ranar, duk safiya abin da take fara yi ke nan, ta gyara mini fuskar sallaya kafin ta taɓa gado.

Ita ce kuma ta kama ni ina shirin kunna turaren wuta. Na zo da ɗan kaskona da gawayi, don ɗakin ƙamshin sabulu kawai yake yi, ni kuwa 'yar Maiduguri ce ko da aure ne ya kawo ni. Ta riƙe baki ta ce, "Mama, a'a! Wuta a jirgi? Ƙararrawa za ta tashi, kowa ya fito." Muka yi ta dariya. Na mayar da kaskon, na fito da kwalbar humra na ɗiga mata a wuyan hannu. Ta shinshina ta lumshe ido, ta ce kamar ɗakin kakarta ranar Idi.

Tana gyara gado muna hira. Ta ce tana da 'ya ɗaya da ta bari wurin mahaifiyarta, sai ta yi watanni da yawa a kan ruwa kafin ta je gida. Ta nuna mini hoton yarinyar da farin hijabi na makaranta. Ta ce da ta tafi haƙoran gaban yarinyar sun faɗi, yanzu a waya take ganin sababbin suna fitowa. Ni ma na ba ta labarin Malam. Ban san me ya sa na iya gaya mata abin da ban gaya wa 'ya'yana ba, cewa har yanzu in na ji ƙarar buɗe ƙofar gida bayan isha'i sai na miƙe. Ta dai ci gaba da lallaɓa matashin kai har ya wuce buƙata.

Kuɗin nan kuwa suna cikin jaka. Kullum in na ji motsin kekenta na kayan shara a waje sai in ce yau zan ba ta. In ta shigo muka fara magana sai in fasa. Tsoro nake ji kada in miƙa mata, gobe ta shigo da murmushin da ake yi wa mai kuɗi, in rasa gane ko hirar tamu ce ko ta aiki. In kuma na bari sai ranar ƙarshe, kada ta ɗauka tsohuwar nan surutu kawai ta iya.

Wata safiya na ga idanunta sun faɗa. Ta ce ba ta karya ba, aiki ya yi yawa. Na buɗe ledar kilishi na ce ta zauna.

"Mama, ba a yarda mu zauna ba."

"A garinmu ba a ci a tsaye. Zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera, ta gutsura, yajin ya kama ta, tana fifita baki tana dariya har da hawaye. Ƙofa a buɗe take, haka dokarsu take in suna aiki. Sai ga wani mutum da farar riga da 'yar waya a kafaɗa ya tsaya a bakin ƙofar. Shugabansu ne. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambaye ni ko komai lafiya, sannan ya kira ta waje. Ban ji abin da ya ce mata ba, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ta dawo ta ƙarasa aikinta ba ta ɗago kai ba.

Na gaya wa ɗana zan je in yi wa mutumin bayani, ni na sa ta. Ya ce, "Umma, ki bari. In kika je, maganar za ta ƙara girma ne." Na bari.

Daga ranar sai ta riƙa zuwa lokacin da na tafi karin kumallo. In dawo in tarar da ɗaki fes, sallaya ta fuskanci inda ya kamata, ita kuwa ba ta. In mun haɗu a hanya ta yi sallama da sauri, ta dafa ƙirji, ta wuce. Sauran kwanakin tafiyar sun yi mini tsawo. Nakan zauna a baranda tun hantsi har la'asar, ba abin da ke wucewa sai wani jirgin can nesa. A ɗakin cin abinci akwai tsofaffin Turawa bibbiyu, miji na yanka wa mata nama, mata na gyara wa miji kwala. Nakan zaɓi kujerar da ke kallon taga.

Ana gobe za mu sauka, bayan la'asar, na fito na same ta a ƙarshen layin ɗakuna tana jera tawul a kekenta. Ambulan ɗin da aka ajiye mini a ɗaki na bar shi a kan tebur. Na naɗe kuɗin duka a tafin hannuna, na miƙa mata hannu kamar gaisuwa. Ban iya ba. Yatsuna suka saki da wuri, takardun suka zube a kan kafet a tsakaninmu, kowa na iya gani. Muka sunkuya tare, kanmu ya gwaru, gwiwata ta ƙi miƙewa sai da ta tallafe ni.

Ta dubi abin da ta tsinto ta ce, "Mama, ya yi yawa."

Na ce, "Ba naki ba ne. Na mai sababbin haƙora ne."

Ta sa a aljihu. Sai ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta sunkuya ta ɗora shi a goshinta. Ta ce haka suke yi wa iyaye a ƙasarsu. Na sa mata albarka da Hausa, doguwa, irin wadda nake yi wa 'ya'yana in za su yi tafiya. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba amma ta yi ta cewa amin a inda ya dace. Wata ƙofa ta buɗe, wani baƙo ya kira ta yana neman ƙanƙara, ta tafi. Washegari da safe hanyar ta cika da akwatuna, na duba ban gan ta ba.

A motar da ta kai mu filin jirgin sama ɗana ya tambaye ni ko na ba wa mai ɗakina wani abu. Na ce na ba ta. Ya ce nawa? Na ce abin da ya sawwaƙa. Muka rabu a can, su suka nufi Ingila, ni na kamo hanyar gida.

Na iso Maiduguri da azahar, rana tana dukan kwano. Na buɗe gida, ganyen dogonyaro ya rufe tsakar gida. Na yi alwala na tayar da salla, sai na ji ƙasa tana lilo a ƙarƙashina, a hankali, kamar har yanzu ina kan ruwa. Da na sallame na juya wajen ƙofar ɗakin Malam, bakina ya riga ya buɗe zan ce masa ya zo ya ji abin mamaki. Na rufe bakina.

Can maƙwabciyata ta shigo da kwanon abinci a hannu, tana "Wushe, wushe, lale da mutanen teku!" Na gaya mata ƙasa na motsi. Ta ce haka masu dawowa daga Tafkin Chadi suke faɗa a da, in na kwana biyu zai daina. Ta ɗauki tsintsiya ta fara share ganyen, ni kuma na zauna a bakin baranda na dafe bango, ina jiran ƙasar ta tsaya.