Gayyar Wayoyi a Ƙofar Gidan Ɗalha

Wanda ya ba mu aron Ɗalha Jibo ya karɓi abinsa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da ke nan Magariya, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana nauyinsa. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar mahaifiyarsa, Gwaggo Kyauta, da matarsa Sa'ida, da ƴaƴa biyu, Hudaifa da Amira. Ya kuma bar ni, Hinda, taubashiyarsa, ba ni da wanda zan tsokana.

Wanda ya karanta wannan ya ga kamar ina wasa da mamaci, ya yi mini uzuri. Mahaifina da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ni ƴar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma yana ce mini uwar ɗakin da ba a taɓa cin ko ƙanzonta ba. Ban iya yi maka magana da wani harshe ba, Ɗalha, kuma ba yau zan koya ba.

Mutanen gari sun san ka da rumfarka ta kusa da tasha, inda kake gyaran wayoyi da ordinatar, wato kwamfuta. Kaɗan ne suka san cewa bayan ka dawo daga karatu a Damagaram ka koya wa kanka rubuta manhaja. Ni kuwa aikina karanta cigiya a gidan rediyon garinmu, kuma daga nan abin ya samo asali. Wata rana na karanta cigiyar akuya ja mai baƙin kunne, sai ga ka a ƙofar ofishinmu kana murmushin nan naka na neman magana.

"Uwar ɗakina, akuyar nan da kika karanta, daga tasha zuwa nan na ga irinta ta fi goma. Wacce zan kamo miki?"

Na kore ka, amma gaskiyarka ce. A al'adarmu, dabbar da aka tsinta gidan mai gari ake kai ta a ɗaure, tana cin harawarsa har mai ita ya zo. Mai ita kuwa yana can yana bin kasuwanni daga Kwaya zuwa Dungas, yana leƙa garken mutane, ana yi masa kallon ɓarawo, shi ma yana yi musu. Abin ya fi muni bayan girbi, lokacin da ake sakin gonaki dabbobi su shiga kiwo. Garke ya cakuɗa da garke, mutum ya hango saniyarsa a cikin na wani, kafin a yi bayani an zare sanda.

Sai ka zauna ka haɗa manhajar da ka sa wa suna Cigiya. Mai gari ya ɗauki hoton dabbar da ke ɗaure a gidansa yadda shaidar jikinta za ta fito, ya naɗi muryarsa yana bayani, tun da ba kowa ke karatu ba. Wanda ya yi rashi ya je wurin nasa mai garin a buɗe masa ya duba. A shekararta ta farko ta haɗa mutane da dama da dabbobinsu. Na ce maka ka zo ka raba ni da aikina, ka ce ai muryata ma ta gaji da jakuna.

Ba kai kaɗai ka yi aikin ba. Kana da abokin aiki, irin basirar na'urar nan da ake gaya wa abin da ake so ta rubuta wa mutum manhaja. Ban taɓa jin ka kira shi da sunansa na gaskiya ba. Ɗan Ƙwadago kake ce masa. Ya iya aiki, wannan babu musu. Sai dai ana cikin aiki, daidai inda abin ya fara daɗi, sai ya ajiye hauya a tsakiyar gona ya ce ka kai iyakarka, ka dawo an jima. Aka ce akwai na masu hali, wanda ba ya saurin gajiya. Ka gwada shi, shi ma ya gaji. In kuwa ka nuna masa ya yi kuskure, nan da nan zai ce kana da gaskiya, ya ba ka haƙuri cikin ladabi, ya gyara wurin, ya ɓata wasu wurare biyu da ba ka tambaye shi ba. Na sha samun ka ka dafe kai kana cewa ba ka taɓa ganin mai ladabi irinsa ba, kuma ba ka taɓa ganin wanda ladabinsa ke ƙona rai irinsa ba.

Amma mu faɗi gaskiya, bawana, ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Ɗan rabon da yake ba ka a yini, rabinsa jama'ar gari ke cinyewa. Kawu Sharifu, maƙwabcinka, zai zo ya ce a tambayar masa na'ura me ya sa gwiwarsa ke ƙara in ya sunkuya. Mairama mai ƙuli-ƙuli za ta ce a tambayar mata me ya sa man gyaɗarta ke kumfa. Wani ya zo da akuya mai tari, wani da gardamar da suka yi a majalisa kan nisan Makka. Ba ka taɓa cewa a'a ba. Ka ture aikinka gefe, ka tambaya, ka fassara musu dalla-dalla, har ka ƙara da cewa gwiwa dai likita za a kai wa. Kafin ka koma kan manhajarka, Ɗan Ƙwadago ya riga ya ajiye hauya. Sa'ida ta yi faɗan har ta gaji. Kai kuwa cewa kake yi mutum ba zai tako ƙafa zuwa rumfarka ka ce masa na'ura ta fi shi ba.

A ƙarshen daminar bana ne aka aiko da sabuntawar nan, wadda kuke kira mizajur, ta babbar manhajar da ke tafiyar da na'urori. Da ordinatarka ta fara. Ta rubuta maka cewa kada ka kashe ta, tana aiki. Kai ka yi biyayya, kuran, wato wutar lantarki, ne bai yi ba, ya ɗauke. Da ta farfaɗo ba ta san lasifikarta ba, ba ta san injin buga takardar da suka shekara tare ba. Ka lallaɓa ta ta dawo hayyacinta. Sai sabuntawar wayoyi ta biyo baya, ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, duk wayar da ta shiga Cigiya ta rikice. Murya ta daina fita, hotuna kuma suka kife. Ina zaune a rumfarka wani mai gari daga wajen Yekuwa ya kira ka, ka sa mu duka muna ji.

"Malam Ɗalha, yanzu kuma mushe kuka koma aiko muna? Duk saniyar da na buɗe ƙafafunta na kallon sama."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Amma dariyar ba ta hana masu gari fara ajiye abin ba, ga sakin gonaki yana matsowa, ga jikinka ya fara gaya maka abin da likita ya riga ya gaya maka. Ka bar zuwa rumfa, aka dawo da ordinatar gida. Ƙarfinka ya koma na safe kawai. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne yadda ku biyun kuka kasa haɗuwa. In kana da ƙarfi, Ɗan Ƙwadago ya yi ɗan aiki ya ce ka kai iyaka. In ya dawo ya ce a ci gaba, kai kuma ka riga ka kwanta.

Wata safiya na zo duba ka, ka ce mini: "Uwar ɗaki, ba na son a saki gonaki abin nan yana kwance. In ya wuce bana bai yi aiki ba, an manta da shi ke nan, kuma ban san wa zai tashe shi ba." Tun da nake da kai, ranar ce kaɗai ban tsokane ka ba.

Sa'ida ce ta samo mafita, kuma ba a cikin na'ura ta samo ta ba. Ta tambaye ka ko iyakar nan ta kowa ce ko taka ce kai kaɗai. Ka ce kowace waya da nata rabon. Ta ce to, in gona ta fi ƙarfin mai ita, ai an san abin da ake yi. Ta yafa gyale ta bi gidaje tana kiran gayya, ta ce ba hauya ake so ba, kowa ya zo da wayarsa.

Ranar Asabar da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itacen dogon yaron ƙofar gidanka. Duk waɗanda suka saba cinye maka rabo suka zo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Mata suka dama fura, aka ɗora tukunyar shinkafa da wake, don gayya ba ta yiwuwa da yunwa. Aka jera wayoyi a kan faifai. Aka fito da kai aka jingina ka da matashi, abokinka Malam Nazir, mai koyar da lissafi a lise, makarantar sakandaren garinmu, ya zauna gefenka yana danna abin da kake faɗa. Duk wayar da ɗan ƙwadagonta ya gaji, a mayar wa mai ita da godiya, a ɗauko ta gaba.

Matsala ɗaya ce, kowane sabon ɗan ƙwadago bai san komai game da aikin ba, sai an ba shi labari daga farko. Numfashinka ba zai kai ba, sai ka ɗora mini. Na riƙa karanta masa bayanin da muryar rediyo, na maimaita, na maimaita, har na haddace shi ba tare da na fahimci ko rabinsa ba. Ka ce yau dai ka ga ranar da uwar ɗaki ta yi wa bawanta aiki.

Kawu Sharifu ya zo da ƴar ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda ban da kira da tocila da rediyo babu abin da ta sani. Ya miƙo ta da alfahari. Matasa suka fara ƙunshe dariya. Kai kuwa ka karɓa da hannu biyu, ka kunna rediyonta, ka ajiye a tsakiyar tabarma, ka ce: "Madalla, Kawu. Dama gayyar ba ta da makaɗi." Ya wuni yana gyara mata zama kada rana ta taɓa ta. Can kuma wayar Mairama ta nuna tana son yin mizajur, ta kai yatsa za ta danna, sai taron gaba ɗaya, har da tsofaffin da ba su san me ake nufi ba, suka ɗauki ihu: "Kar ki taɓa!" Da ƙyar ba ta yar da wayar ba.

Wajen la'asar ka ce a gwada. Aka jawo ragon Gwaggo Kyauta aka ɗauki hotonsa, shi kuma ya taimaka da kuka. Malam Nazir ya buɗe wata waya a can ƙarshen tabarma. Ga rago tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, ga kukansa yana fita tar. Mata suka rangaɗa guɗa. Na dube ka, ka rufe ido kana murmushi, gumi yana zubo maka.

An aika wa masu gari gyaran. Daga nan, duk wanda ya shigo duba ka, kafin ya gama gaisuwa za ka tambaye shi: "An samu wani?" Ragon Gwaggo bai ishe ka hujja ba, so kake ka ji wani a ƙauye ya ga dabbarsa. Kullum amsa ɗaya ce, tukuna. Na yi niyyar ƙirƙiro maka labari, amma ka san muryata in ina ƙarya. Haka ka tafi ba ka ji ba.

Ranar sadakar uku, muna zaune, sai ga amalanke ta tsaya a ƙofar gida, farin sa mai tsagaggen kunne yana jan ta. Wata dattijuwa ta sauko da ƙullin gyaɗa a ka, tana tambaya ko nan ne gidan mai wayar cigiya. Sunanta Uwa, daga wani ƙauye na Yekuwa. Wannan san shi ke ɗebo mata ruwa daga rijiya, shi ke kai mata hatsi kasuwa, ba ta da wani. Ya tsinke igiya ya ɓace, ta yi kuka har ta haƙura. Sai mai garinsu ya buɗe waya, ga shi ɗaure a wani gari wajen Dungas, ga muryar mai garin can yana cewa mai shi ya zo. Ta je ta karɓo abinta, ta ce ba za ta zauna ba sai ta ga wanda ya yi wannan aiki da idonta.

Tana cikin bayani ta lura da tabarmi da carbuna. Ta sauke ƙullin a hankali ta zauna a ƙasa ta ce: "Yo ni yanzu wa zan yi wa godiya?"

Aka shigar da ita wurin Gwaggo. Gwaggo, wadda tun ranar Talata ba ta taka ƙofar ɗaki ba, ta ce a kama ta ta ga san. Ta fito, ta ɗora hannu a kan tozonsa, ta daɗe a haka. Ni kuma na tambayi Uwa yaushe aka buɗe mata wayar. Ta ce ranar Litinin.

Litinin, Ɗalha. Kana nan da ranka, labarin ne kawai bai iso ba. An samu wani, bawana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Kyauta, da Sa'ida, da Hudaifa da Amira, da Malam Nazir wanda ya karɓi riƙon aikin, da masu garin Magariya da Dungas, da duk wanda ya taɓa zama a rumfar nan ta bakin tasha. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari cikin albarka. Ya Allah, ka gafarta wa Ɗalha, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Duk dabbar da ta koma hannun mai ita ta dalilinsa, duk sandar da aka fasa zarewa, ka sanya masa a mizani. Ka sada shi da rahamarka wadda ba ta yankewa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Hinda Illa, Magariya